Yadda Ake Haɗa Can, Must, Should da Ire-irensu da Yankin Aikatau a Turanci

Akwai wasu ƙananan kalmomi guda 9 a Turanci da wuya a yi hira mai ɗan tsawo ba a ambaci ɗaya daga cikinsu ba, wato can, could, may, might, shall, should, will, would da must. Masana nahawun Turanci suna kiransu modal verbs, mu kuwa za mu kira su mataimakan aikatau na yanayi, domin su kansu ba sa nuna wani aiki, sai dai su nuna matsayin mai magana game da aikin: ko yana yiwuwa, ko wajibi ne, ko an ba da izinin yinsa, ko kuwa zato ne kawai. Ma'anarsu ba ta cika ba mai koyo wahala ba, tun da Hausa tana da "iya" da "dole" da "ya kamata" da "mai yiwuwa". Inda gizo ke saƙa shi ne wajen abin da yake biyo bayansu, kuma asirin duka guda ne: a yankin aikatau na Turanci, wato aikatau tare da mataimakan da ke gabansa, kowace kalma ita ce ke zaɓa wa wadda ke biye da ita siffar da za ta ɗauka.

Ka fara da wannan: aikatau ɗin da ya biyo bayan mataimakin yanayi yana zuwa ne a tsurarsa, kamar yadda za ka same shi a ƙamus, ba ɗafi a ƙarshensa kuma ba to a gabansa. Ana cewa "She can swim", ba a cewa "She can swims" ko "She can to swim", haka kuma "He must go" ne daidai, ko da kuwa abin da ya gabata a maganar duk a shuɗaɗɗen lokaci yake. Shi kansa mataimakin ba ya karɓar harafin s da ake liƙa wa aikatau bayan he, she da it, shi ya sa babu "he cans" ko "she musts". Dalilin wannan yana cikin tarihin harshen. Yawancin waɗannan kalmomi sun samo asali ne daga wani rukunin aikatau na tsohon Turanci wanda siffarsa ta shuɗaɗɗen lokaci ce amma ma'anarsa ta yanzu ce, kuma shuɗaɗɗen lokaci a Turanci ba ya ɗaukar wannan s ɗin. Asalin can ma "sani" yake nufi, shall kuwa "kasancewa da bashi a kai". Wata kalma makamanciyarsu da ba ta cikin jerin taran nan, wadda ta saɓa wa ƙa'idar, ita ce ought, wadda take jan to a bayanta, kamar a "You ought to rest".

Korewa da tambaya ba su da wata wahala, muddin ka riƙe cewa do ba ta da gurbi a nan. Ana sanya not kai tsaye bayan mataimakin, sai a sami cannot ko can't, shouldn't, da won't wadda take taƙaitawar will not ce. Idan tambaya ce, mataimakin ne yake tsallake aikau, wato mai yin aikin, ya koma farkon jimla shi kaɗai, sauran yankin aikatau ya zauna inda yake: "Can you drive?", "Should we have waited?"

Sai kuma tarkon da mai tunani da Hausa ya fi faɗawa ciki. A harshenmu babu laifi a ce "zan iya zuwa", inda aka haɗa lokaci mai zuwa da iyawa wuri guda, don haka sai hankali ya karkata ga "I will can come", wanda kuskure ne a daidaitaccen Turanci, saboda mataimakan yanayi biyu ba sa bin juna. Gaskiya ne ana jin irin su "might could" a bakin wasu mutanen kudancin Amurka da na Sikotland, amma wannan karin harshe ne, kuma ban ga hikimar mai koyo ya ɗauko shi ba. Mafita ita ce a bar na farko a wurinsa, a musanya na biyu da wata magana mai ma'anarsa: be able to a madadin can, have to a madadin must, be allowed to a madadin may. Sai a ce "I will be able to come" ko "She might have to leave early".

Yanzu ga wurin da ya kamata a dakata a natsu, wato lokacin da yankin aikatau ya yi tsawo. Bayan mataimakin yanayi ana iya kawo have, wadda ke nuna cewa aikin ya riga ya wuce, ita kuma tana tilasta wa kalmar da ke biye ta ɗauki siffa ta uku, irin gone, seen ko written. Ana iya kawo be mai nuna ci gaban aiki, wadda ke buƙatar ɗafin ing, kamar a "They must be sleeping". Ana kuma iya kawo wata be ɗin wadda ake amfani da ita idan an sa abin da aka yi wa aiki a gaba, ita ma tana jan siffa ta uku: "The form must be signed". Idan za a haɗa su, jerin ba ya canzawa ko kaɗan: mataimakin yanayi ne a gaba, sai have, sai be ta ci gaba, sai be ta abin da aka yi wa aiki, sannan ainihin aikatau. Ka dubi "He must have been working" ka bi ta kalma bayan kalma. Must ta sa have ta zo a tsurarta, have ta mayar da be ta zama been, be kuma ta liƙa wa work ɗafin ing. Wannan ne ya sa ake cewa "She should have gone" ba "She should has gone" ba, duk da cewa she ce aikau, domin should ce ke iko da kalmar da ke kusa da ita. Nahawu ya yarda a cika duk guraben biyar, kamar a "It might have been being repaired", sai dai irin wannan jimla tana da nauyi a baki, kuma masu harshen kansu ba kasafai suke faɗinta ba.

Shigowar have tana iya juya ma'ana gaba ɗaya, kuma a nan ne ake gane wanda ya ƙware. "He must go" umarni ne, wato dole ya tafi, amma "He must have gone" hasashe ne, wato lallai ya riga ya tafi bisa alamun da aka gani. Wanda yake son ya ce dole ta sa ya tafi jiya sai ya ce "He had to go". "You should call her" shawara ce da har yanzu ake iya bi, "You should have called her" kuwa ƙorafi ne kan abin da ba a yi ba. Ita would have daidai take da "da" ɗinmu ta nadama, domin "If I had known, I would have come" ba kome ba ne illa "da na sani da na zo". A magana ana taƙaita su zuwa should've da would've, waɗanda a kunne suke kama da "should of", har wasu da aka haifa cikin harshen suke rubuta su haka, alhali kuskure ne.

Korewar must tana buƙatar kulawa ta daban. "You mustn't enter" hani ne, wato kada ka shiga, amma "You don't have to enter" sauƙi ne aka yi maka, wato ba dole ba ne ka shiga, kuma wanda ya rikita su yana iya hana mutum abin da ya so ya ba shi zaɓi a kai. Idan must ɗin ta hasashe ce, a Turancin Ingila can't ce ke kore ta, shi ya sa kishiyar "He must have seen it" ita ce "He can't have seen it".

Haka nan could ba ta maye gurbin can a kowane shuɗaɗɗen lokaci. Tana dacewa da iyawar da mutum yake da ita a da gaba ɗaya, kamar a "I could read at five", wato na iya karatu ina da shekara biyar, amma idan ana nufin nasarar da aka samu sau ɗaya a wani lokaci takamaimai, was able to ko managed to ake amfani da su: "I was able to catch the last train". A korewa wannan bambancin yana ɓacewa, domin couldn't tana aiki a duka biyun, sai a ce "I couldn't read at five" kuma a ce "I couldn't catch the last train".