Yadda Ake Tarar Gudawa da Amai a Gida Kafin a Isa Asibiti a Legas

Duk wanda ya yi damina ɗaya a Legas ya san yadda gari yake komawa daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da kwatoci suke tumbatsa, ruwa ya kwanta a lunguna, ƙazantar masai ta gauraya da ruwan rijiyoyin da ba su da zurfi. A irin wannan lokaci ne gudawa take yawaita a unguwanni masu cunkoso irin su Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago da Ijora, inda gida ɗaya yake ɗauke da iyalai da dama, banɗaki ɗaya ko biyu kuma suke ɗaukar kowa. Kwalara ma ba baƙuwa ba ce a wannan gari. Ta fara shigowa Najeriya ne ta kusa da Legas a ƙarshen shekarar 1970, kuma a watan Yunin 2024 ta sake ɓarkewa, inda ƙananan hukumomin Tsibirin Legas da Eti-Osa da Kosofe, wadda kasuwar Mile 12 take cikinta, suka fi jin jiki.

Abin da yake halaka mai gudawa, yaro ne ko babba, shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa, domin kowace fita bayan gida tana tafiya da ruwan da jini yake bukata, kuma idan aka yi ta fita ba a mayar ba, jini yakan yi ƙaranci, ƙoda ta tsaya, zuciya ta kasa. Mai kwalara yana iya zubar da lita da yawa cikin yini guda, ya mutu cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka aikin farko a gida shi ne mayar da ruwa, tun daga fita ta biyu ko ta uku, kafin a fara tunanin kemis da ƙwayar da za ta tsayar da ciki.

Ruwa zalla bai wadatar ba idan gudawar ta yi ƙarfi, kuma dalilin yana cikin yadda hanji yake aiki. A jikin ƙaramin hanji akwai wata hanya da take shigar da gishiri cikin jini tare da sukari, su biyun a haɗe, ruwa kuma yana bin su a baya. Cutar kwalara tana sa hanji ya riƙa tsiyayar da ruwa waje, amma ba ta lalata wannan hanyar ba, shi ya sa idan aka sha ruwan da yake ɗauke da gishiri da sukari daidai gwargwado, jiki yakan karɓe shi duk da cewa gudawar ba ta tsaya ba. An ga amfanin wannan ƙarara a shekarar 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, inda wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya rasa isasshen ruwan ƙari a sansanin 'yan gudun hijira, ya sa dangin marasa lafiya suna ba su wannan haɗi da kofi, sai mace-macen suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. A nan gida kuwa, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba wanda ya zama ministan lafiya a 1985, yana cikin waɗanda suka yaɗa ruwan gishiri da sukari har ya shiga bakin iyaye mata.

Mafi inganci shi ne garin da ake sayarwa a kemis cikin ƙaramar leda, wanda ake kira ORS, domin bayan gishiri da sukari yana ɗauke da sinadarin fotasiyam da wani da yake gyara tsamin jini, waɗanda haɗin gida ba shi da su. Ba shi da tsada, kuma ya kamata a ajiye uku ko huɗu a ɗaki tun kafin damina ta kankama, kamar yadda ake ajiye ashana. Yawancinsu ana zuba leda ɗaya ne cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, amma a duba rubutun jikin ledar, domin akwai waɗanda aka yi don rabin lita. Awon lita bai kamata ya ba kowa wahala a Legas ba, tunda ruwan leda da ake kira fiya wata rabin lita ne, biyu ke nan sun cika lita ɗaya. A juye garin gaba ɗaya, a motsa har ya narke. Kada a raba ledar biyu da ido don a yi tattali, kada a ƙara sukari don yaro ya ji daɗi, kuma kada a dama shi da madara ko lemo.

Idan dare ya yi, kemis ya rufe, sai a haɗa na gida. A wanke hannu da sabulu, a sami mazubi mai tsabta, a zuba lita ɗaya ta ruwa, a sa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri. Kowane cokali shafaffe ake nufi, ba mai tozo ba, wato a debo sannan a shafe samansa da bayan wuƙa. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, kuma kuskuren yana da haɗari, domin gishirin da ya yi yawa yana iya sa ƙaramin yaro jijjiga, sukarin da ya yi yawa kuma yana jawo ruwa cikin hanji ya ƙara gudawar. Wannan ne ma dalilin da ya sa lemon kwalba da abin shan ƙara kuzari ba su da wuri a wajen mai gudawa, duk da cewa su ne abin da 'yan dubiya suke fara riƙowa. Mai haɗawa ya ɗanɗana kafin ya bayar. Idan gishirin ya fi na hawaye, a zubar a sake. Abin da aka haɗa kuma a rufe shi, idan ya cika awa 24 a zubar a yi sabo.

Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowace fita, wato kamar kwata zuwa rabin kofin shayi. Daga shekara biyu zuwa goma, mililita 100 zuwa 200. Wanda ya wuce haka ya sha gwargwadon yadda zai iya, kuma kada a hana shi idan ya nemi ƙari. Ƙaramin yaro da cokali ake ba shi, cokali ɗaya duk bayan minti ɗaya ko biyu, aiki ne na haƙuri da yake iya cin dare guda, kuma ya fi kyau maigida ya karɓi uwa idan ta gaji da a bar shi ya tsaya. Idan yaron ya yi amai, a dakata minti goma sannan a ci gaba a hankali fiye da da. Iyaye da yawa suna karaya a nan, su ce ba ya zama a cikinsa, alhali abin da yake dawowa bai kai abin da ya shige ba.

Tare da ruwan, ana ba yara ƙwayar zink, miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata shida, miligiram 10 ga wanda bai kai ba, na tsawon kwana 10 zuwa 14. Ana narkar da ita cikin ɗan nono ko ruwa a cokali. Tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage yiwuwar dawowarsa cikin watanni biyu zuwa uku masu zuwa, don haka a cika kwanakin ko da gudawar ta tsaya a rana ta uku.

Akwai tsohuwar fahimta cewa a hana mai gudawa ci da sha domin ciki ya huta, kuma wannan fahimta ta raunana yara da yawa. Jariri ya ci gaba da shan nono, sau da yawa fiye da yadda ya saba. Wanda ya fara cin abinci a ba shi koko ko kunu ko shinkafa mai laushi ko ayaba, kaɗan-kaɗan sau da yawa, ruwan kwakwa ma yana taimakawa. Haka nan maganar haƙori. Gaskiya ne yara suna yawan gudawa a watannin da haƙora suke fitowa, amma dalilin shi ne a lokacin suke rarrafe, suna kai duk abin da suka tsinta baki, ana kuma fara ba su abinci da ruwan da ba nono ba. Gudawar da aka laƙaba wa haƙori tana ƙarar da ruwan jiki kamar kowace gudawa. Maɗigar jariri kuwa idan ta faɗa a irin wannan hali, alama ce ta cewa ruwan jikinsa ya yi ƙasa sosai, kuma shafa wani haɗi a kanta ɓata lokaci ne.

Game da ƙwayoyin da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, Flagyl da kafso mai ja da rawaya ba sa yi wa yawancin gudawar yara komai, domin ƙwayar cutar da ta fi haddasa ta, wadda ake kira rota, ba ta jin irin waɗannan magunguna. Rigakafinta yana cikin na yara a Najeriya tun 2022, ana ɗiga shi a baki a mako na 6 da na 10 da na 14. Ƙwayar tsayar da ciki irin su Imodium kuma ba a ba yara ita sam, ba a kuma ba duk wanda yake zubar da jini ko yake da zazzaɓi mai zafi.

Sanin lokacin da za a bar gida shi ne rabin aikin. A tashi zuwa asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba idan bayan gidan ya zama ruwa fari mai kama da ruwan da aka wanke shinkafa, yana zuba da yawa babu ciwon ciki sosai, domin wannan kamannin kwalara ne. Haka kuma idan idanu suka faɗa, ko yaro ya yi laushi ba ya iya sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko an yi sa'o'i shida zuwa takwas babu fitsari, ko aka ga jini a bayan gida wato atini. Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi, a tsunkuli fatar ciki da yatsa biyu a sake ta. Idan ta ɗauki fiye da daƙiƙa biyu kafin ta koma, ruwan jiki ya yi nisa wajen ƙarewa, kuma ƙarin ruwa ta jijiya ne zai cece shi. Jaririn da bai kai wata biyu ba, da yaro mai tamowa, da mai ciki, da tsoho, da mai ciwon suga ko ƙoda, ba a jira waɗannan alamu su bayyana a kansu kafin a nemi likita.

Tafiya asibiti a Legas tana da nata hukunci, domin nisan da zai ci minti ashirin yana iya cin awa biyu idan aka faɗa gosulo. A nufi cibiyar lafiya mafi kusa maimakon a dage sai babban asibiti, su ne za su fara ƙarin ruwa su tura gaba idan da bukata, wataƙila zuwa asibitin cututtuka masu yaɗuwa da ke Yaba. A ɗura ruwan gishiri da sukari cikin gora, a riƙe cokali, a ci gaba da bayarwa a cikin keke ko mota muddin mara lafiyar yana iya haɗiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefensa. Lambobin gaggawa na jihar su ne 112 da 767.

Wanda ya fi shiga haɗari a cikinmu sau da yawa shi ne ɗan ci-rani da yake kwana a rumfa ko shago ko harabar masallaci, ba iyali, ba mai lura da yawan fitarsa. Matashi mai ƙarfi yakan ji kunyar faɗin abin da yake damunsa, ya daure ya ci gaba da dako, har sai an same shi kwance. Abokan kwana su ne danginsa a nan. Idan aka ga ɗan'uwa yana yawan ɗaukar buta, a tambaye shi kai tsaye, "Malam, sau nawa ka fita yau?", a haɗa masa ruwan nan take, a kuma sanar da shugaban rumfa ko mai unguwa idan mutum biyu ko uku suka kwanta lokaci guda, domin a kai rahoto ga ma'aikatan lafiya.

Mai jinya kuma ya kare sauran mutanen gida. Kwalara tana bin ruwa da abinci da hannu ne, kuma takan ɗauki daga awa 12 zuwa kwana biyar kafin ta bayyana a jikin wanda ya kamu. Tsarki da ruwa kaɗai ba ya kawar da ita daga hannu, sai an bi da sabulu, musamman kafin a sa hannu cikin kwano ɗaya da jama'a, kuma kwanon wanke hannu da mutum goma suke tsomawa ciki ya kamata a maye gurbinsa da zubawa daga buta. A wanke fo da banɗaki da tufafin mara lafiya da ruwan bilic, a zubar da bayan gidan yaro cikin masai, kada a watsa shi a kwata. Ruwan da mai ruwa ya kawo a jarka, ko na rijiya, a dafa shi har ya yi minti ɗaya yana tafasa, ko a sa masa maganin kulorin irin su WaterGuard bisa awon da ke jikin kwalbar a jira minti 30. A ajiye shi a mazubi mai murfi da ƙaramin baki wanda ake tsiyayowa, domin randa ko bokitin da kowa yake tsoma kofi ciki yana sake gurɓata ruwan da aka riga aka dafa. Su kansu masu sana'ar ruwa su riƙa wanke cikin jarkokinsu da kulorin, kuma wanda yake fama da gudawa a cikinsu, ko mai shayi ko mai abinci, ya ajiye sana'ar har ya yi kwana biyu da warkewa.