Alama a Jikin Sandar Ɗuri

'Yan'uwa maharba, ga wata dabara da ta dace da duk mai farautar barewa da bindigar da ake ɗurawa ta baki, ko adaka ce irin tamu, ko bindigar ƙanƙara, mai tashi da tartsatsin dutse, irin wadda maharban jihar Pensilbaniya ta Amurka suke fita da ita bayan Kirsimeti.

Idan ka zuba albarushi gwargwadon awonka, ka danna harsashi har ya zauna a kansa, kada ka zare sandar ɗuri sai ka yi mata zane da wuƙa daidai bakin bindiga. Daga ranar, wannan zanen ne zai riƙa gaya maka abin da ke ciki. Idan ya tsaya sama da baki, to ko dai an yi ɗuri biyu, wanda yakan faru ga mai gaggawa da ya hango barewa, ko kuma harsashin bai kai ƙasa ba, kuma gurbin da ya rage tsakaninsa da albarushi yana iya kumbura bututun ko ya fasa shi a hannunka.

Albarushi kuwa, a auna shi a wani ɗan mazubi dabam, kada a tsiyaya daga gora kai tsaye, domin ragowar wuta takan ɓuya a cikin bututun bindiga bayan harbi. Idan ka ja kunama bindiga ba ta tashi ba, ci gaba da saita bakin inda babu kowa na aƙalla minti ɗaya, saboda albarushin da ya sha raɓa yakan yi jinkirin kamawa.