Bayan mura ta lafa, a ci gaba da lura da yaro

'Yan uwa iyaye, idan yaro ya warke daga mura ko tarin da ƙwayar bairas ta haddasa, kada a ɗauke ido a kansa har tsawon makonni 3, domin wani lokaci garkuwar jiki, bayan ta gama yaƙar cutar, takan koma ta far wa ƙwaƙwalwa ko jijiyoyi. Abin ba ya yawan faruwa, amma yana bukatar gaggawa.

A lura da tafiyarsa. Yaron da jiya yake guje-guje, yau kuma yana tangaɗi kamar mai jiri, ko ya kasa hawa matakala, ko kofi yana suɓuce masa daga hannu, a kai shi asibiti a ranar. Raunin da ya fara daga ƙafafu yana hawa sama shi ne ya fi tayar mini da hankali, domin yana iya kaiwa ga tsokokin numfashi. Haka ma barcin da aka kasa tashinsa daga ciki, ruɗewa, sanƙarewar wuya ko ganin abu bibbiyu.

Idan jijjiga ta kama shi, wadda ta fi aukuwa tare da zazzaɓi tsakanin watanni 6 zuwa shekara 5, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kuma a duba agogo. Idan ta wuce minti 5, a garzaya da shi asibiti. Kada a ba yaro asfirin lokacin mura, domin yana da alaƙa da ciwon Reye mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta; farasitamol daidai da nauyinsa ya wadatar.