Yadda za ka yi noman shinkafa a ƙauyen Japan in an gayyace ka gona

Duk ɗalibi ko ma'aikacin da ya zauna a karkarar Japan, ko a Niigata ne ko wajen Tsukuba, ba zai daɗe ba wani dattijo zai tambaye shi ko zai zo dashe. Ka amsa. Matsakaicin shekarun manoman ƙasar ya kusa 70, 'ya'yansu sun tafi birni, hannu biyu na saurayi kuwa ba abin rainawa ba ne. Amma ka sani tun farko cewa a wajensu aikin gona da bauta kalanda ɗaya suke bi, kuma mai kula da addininsa yana bukatar ya san inda wannan ya tsaya, wancan ya fara.

Aiki yana farawa a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, da tace iri. A zuba gishiri kilo 2 da ɗoriya cikin ruwa lita 10, a dama har ya narke, a saka ɗanyen ƙwai. In ƙwan ya taso ya leƙo saman ruwa, gishiri ya ji. Sai a juye irin a ciki a motsa. Holoƙo da mai rabin ciki za su taso, a kwashe su a zubar. Wanda ya nutse shi ne iri. Ka wanke shi nan take da ruwan daɗi, don gishiri yana kashe tsiro. Da yawa suna tsoma shi a ruwan zafi mai digiri 60 na minti 10 saboda cututtukan da ke bin iri, su sanyaya shi da sauri. Jiƙon kuwa lissafi gare shi: zafin ruwan sau yawan kwanaki ya kai 100. In ruwan yana digiri 10, kwana 10 ke nan. Idan bakin kowace ƙwaya ya ɗan kumbura ya nuna fari, a baza a farantan reno masu tsawon santimita 60 da faɗin 30, a ajiye a rumfar leda mako uku ko fiye.

Kafin ruwa ya shiga gona akwai ranar yasar magudanai. Wannan ita ce gayyarsu, kuma gidan da bai turo mutum ba za a daɗe ana tuna masa. Ruwan daga gonar sama yake gangarowa ta ƙasa, saboda haka wanda ya yi sakaci da nasa yanki ya cuci duk wanda ke bayansa. Ka je da shebur da takalmin roba, ka isa kafin lokacin da aka faɗa, domin a can wanda ya zo daidai kan lokaci ya kusa makara. A bakin da ruwa ke shiga gona za ka iya ganin an soka reshen itace ko furanni, da 'yar takarda daga wurin bauta da gasasshiyar shinkafa. Na abin bautar gona ne, wanda suke cewa yana saukowa daga dutse da bazara ya koma bayan girbi. Kada ka taka, kada ka tsallaka, kada ka ɗauka shara ce ka kwashe.

Daga nan a sako ruwa, a bi da tarakta a dama ƙasar ta zama taɓo mai laushi, a daidaita ta. Daidaitawar nan ita ce rabin noman. Inda ya yi tudu ciyawa za ta cinye shi, inda ya yi kwari shuka za ta nutse.

Dashe a wurare da dama yana faɗowa a hutun farkon Mayu, lokacin da dangi ke dawowa gida. Inji ne ke yin yawancinsa, amma kusurwoyi da ƙananan gonakin kan tudu sai da hannu. Ka ciro tsiro uku ko huɗu, ka riƙe su kusa da saiwa da yatsu uku, ka soka zurfin gaɓar yatsa ɗaya. In ka zurfafa shukar ba za ta yi 'ya'ya, wato rassan da ke tsirowa daga gindi, da wuri ba, in ka yi sama-sama iska za ta kaɗa ruwa ta tumɓuke ta. Tsakanin layi da layi santimita 30. Wata tsohuwa da na yi aiki kusa da ita ba ta taɓa ce mini na karkace ba. Sai dai ta biyo bayana shiru, ta cire ta sake sokawa, har idona ya koyi layin. Wajen ɗaga ƙafa, fara zare diddige, in ba haka ba taɓo zai riƙe takalmin ka zauna daɓas a ruwan da sanyinsa ke shiga ƙashi. Akwai matsattsaku, don haka ka sa doguwar safa.

Idan an gama dashe ana cin abinci tare, a wasu gidajen a wanke ƙullin tsiro a ɗora a kan ƙaramin wurin bautar da ke cikin gida. Nan ne za a miƙo maka sake, giyar shinkafa. Tun kafin ranar ka gaya wa maigidan ba ka sha, kuma ka ambaci mirin, wanda suke zubawa a girki kuma yana da barasa. Ban ga wanda ya ji haushi ba. Shayin sha'ir mai sanyi suke kawowa. In an tafi wurin bauta, ana rusunawa sau biyu, a tafa sau biyu, a sake rusunawa. Ni ina tsayawa a baya, hannuna a ƙasa, bakina shiru, in an gama mu koma aiki. Abin da ke ɓata musu rai shi ne surutu da ɗaukar hoto a kan fuskar mai bauta.

Mai son ganin bikin dashe da ganguna ya je wurin bautar Sumiyoshi Taisha a Osaka ranar 14 ga Yuni, ko Mibu a yankin Hiroshima a Lahadin farko ta Yuni, inda ake yi wa shanu ado su dama gona, mata su jeru suna dashe suna waƙa. UNESCO ta sa bikin Mibu cikin kundin al'adun duniya a 2011.

Abin da ya fi ba ni mamaki, kuma na fi ganin manomin Kura ko na Kebbi zai so ya gwada a ɗan yanki, shi ne busar da gona a tsakiyar noma. Kamar wata guda bayan dashe, idan kowane gindi ya yi 'ya'ya wajen 20, sai a buɗe mafita a zubar da ruwan gaba ɗaya, a bar gonar mako guda ko kwana 10 har ƙasa ta yi ƙananan tsaga. Ranar farko da na gani raina bai kwanta ba. Amma dalilin a fili yake: iska tana shiga wa saiwa, saiwar ta nutsa neman ruwa, 'ya'yan banza da ba za su yi zangarniya ba su daina fitowa, ƙasa kuma ta yi ƙarfin ɗaukar injin girbi. Ma'aunin shi ne ka taka sawunka ya ɗan nutse kaɗan. In tsagar ta isa ka zura hannu, an wuce gona da iri, saiwa ta tsinke. Bayan haka ana ba da ruwa ana ɗaukewa, sai lokacin da shinkafar ta yi ciki ta fitar da kai, a farkon Agusta, inda ba a yarda ta ji ƙishi ko kaɗan. A wannan tsakanin aikinka yankan ciyawar kan iyaka ne, domin a cikinta wani ƙwaro mai wari yake ɓuya, ya tsotsi ƙwaya ya bar mata baƙin tabo, tabon kuma ya rage wa buhu daraja.

Girbi kwana 40 zuwa 45 ne bayan fitar kai, a Satumba ko Oktoba, kowa yana kallon hanyar guguwa a labaran yanayi. A ɗauke ruwa kamar kwana 10 kafin nan. In da lauje ne, ka yanka kusa da ƙasa, ka ɗaure da kara, ka raba damin gida biyu ka rataye shi kai ƙasa a kan doguwar sanda, ya sha iska mako biyu har danshinsa ya sauko wajen kashi 15 cikin 100. Ba sa turara shanshera. A cire ƙaiƙayi a ajiye ta da dusarta a buhunan takarda masu kilo 30, in za a ci a kai wata 'yar rumfar inji a bakin hanya, a jefa yen 100 ta goge kilo 10. Kada ka bar zangarniya a ƙasa. Dattijon zai sunkuya ya tsinta a gabanka, kunyar ta ishe ka.

Wannan tsintar tana da tushe. A littafin Nihon Shoki na shekarar 720, Amaterasu, wadda suke bauta wa a matsayin rana, ita ta ba zuriyarta zangarniyar shinkafa, gidan sarauta kuma daga ita yake jan salsalarsa. Tun 1927 Sarkin Japan yake dashe da girbi da hannunsa a wata 'yar gona cikin fada. A tsakiyar Oktoba ake kai sabuwar shinkafa babban wurin bauta na Ise, ranar 23 ga Nuwamba kuma Sarki ya miƙa ta ya ci a bikin Niiname, ranar da tun 1948 ta zama hutun godiya ga ma'aikata. Akwai tsofaffin da har yanzu ke ba da labarin lokacin da ba a taɓa sabuwar shinkafa sai wannan rana ta wuce. A da ma arzikin hakimi da koku ake auna shi, wato ma'aunin shinkafa na wajen lita 180, abin da aka ƙiyasta zai ciyar da mutum shekara. Ƙasar Kaga, ɗaya daga cikin yankunan hakiman da, ta haura koku miliyan ɗaya. Yau cin shinkafa ya ragu, daga kilo 118 a shekara ga kowane mutum a 1962 zuwa wajen 50, amma jajayen ƙofofin Inari, abin bautar shinkafa mai gumakan yanyawa a bakin ƙofa, suna nan a gefen gonaki.

Kada ka ƙone karan. A Disamba za a jiƙa shi a bubbuga ya yi laushi, a murza igiyar shimenawa da ake ratayawa a ƙofar gida don sabuwar shekara. Murzar za ka iya koya, ko da ba za ka rataya ba. A watan ne kuma ake dakan mochi da shinkafa mai danƙo da aka turara: mutum ɗaya yana sauke guduma, ɗaya yana juya curin da jiƙaƙƙen hannu tsakanin bugu da bugu. In an ba ka guduma, kada ka sauke sai mai juyi ya yi kira. In an ba ka mochin, yanka shi ƙanana ka tauna sosai, don kowace sabuwar shekara sai ya shaƙe tsofaffi an kwashe su asibiti.