Fulogin da ya dace da injin mai naitiros

'Yan uwa, duk wanda ya ɗaura wa motarsa naitiros, wato iskar gas da ake fesa wa inji don ƙara masa ƙarfi, kada ya bar fulogin da ta zo da shi. Naitiros na ƙara iskar oksijin a cikin silinda, zafi da matsi su hau, fulogi mai riƙe zafi kuwa sai ya kunna fetur tun kafin lokaci. Nan ne fistan ke hujewa.

Ka sauka mataki ɗaya zuwa fulogi mai sanyi, wato mai saurin fitar da zafi, a kan kowane ƙarin ƙarfin doki 75 zuwa 100. Amma ka kula, a fulogin kamfanin NGK mai babbar lamba ne mai sanyi, a na kamfanin Champion kuwa akasin haka ne. Ni na fi son mai cikin jan ƙarfe da gajeren baki, ba na yarda da na filatinam.

Tazarar bakin ma a matse ta, kamar milimita 0.8, domin matsi mai yawa yana hana tartsatsi tsallakawa. A ja taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi, baya digiri 2 a kan kowane ƙarin ƙarfin doki 50.

Bayan gudu, kashe injin nan take ka kwance fulogi ka duba. In ka ga ɗige-ɗigen ƙarfe a farin jikinsa, rage naitiros ɗin.