Yadda Za Ka Ɗumama Akwatin Zabiyan Kwaɗo Ka Kuma Haska Shi

Wannan bayanin na kwaɗo mai ƙaho ne, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda masu kiwo ke kira Pacman.

1. Sami tabarmar ɗumi ta lantarki, ka manna ta a jikin gilashin akwatin ta gefe. Kada ka sa ta a ƙarƙashin akwatin. Kwaɗon nan binne kansa yake yi cikin ƙasa don neman sanyi, in ya tarar da zafi a can sai fatarsa ta bushe, har ta ƙone.

2. Haɗa ta da na'urar daidaita zafi. Da rana a tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, da dare ya ɗan sauka.

3. Ajiye ma'aunin zafi kusa da inda yake kwanciya.

4. Haske kuwa, a nan ake cutar da su. Idon zabiya ja ne, ba ya jure ƙyalli. Ƙaramin ƙwan fitila na LED mai dishi-dishi ya wadatar, awa 12 a kunne, awa 12 a kashe. Sa masa ganye ko ɓawon itace da zai raɓe ƙarƙashinsa, kuma ka nisanta akwatin daga taga.

5. Ɗumi na busar da ƙasa, saboda haka riƙa yayyafa ruwa marar kilorin (sinadarin da ake sa wa ruwan famfo) har ta yi danshi, ba caɓi ba.