Darasi na Bakwai: Yadda Mai Saye Zai Yarda da Amfanin Gonarku ta Waya

A kasuwa, mai saye yakan tura hannu cikin buhu, ya ɗebi masara, ya ciji ƙwaya ɗaya ya ji ko ta bushe. A WhatsApp ko Facebook ba shi da wannan dama. Abin da kuka nuna masa da abin da kuka faɗa, su kaɗai yake da su.

Don haka hoton da za ku sa ya zama na kayan da ke hannunku yau. Kada ku ɗauko na wani daga intanet. Ku ɗauka a waje, da hasken rana. Bidiyo ma ya fi hoto. Ku kwance bakin buhu, ku tura hannu har ƙasa, ku ɗebo ku nuna, kuna faɗin kwanan wata da bakinku. Kowane mai saye ya san dabarar ɗora mai kyau a sama, shi ya sa ƙasan buhun yake son gani.

Ku faɗi aibin kaya tun ba a tambaya ba. In tumatir ya fara laushi, ku ce ya fara, ku rage farashi. A kan hatsi maganar ta fi nauyi. Masara da gyaɗar da aka ɗure da danshi suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana iya haifar da guba mai suna afilatoksin. Ba a ganinta da ido, dafuwa ba ta kawar da ita, tana kuma lalata hanta. Masarar ajiya ana so danshinta ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100. In kun zuba maganin ƙwari, ku faɗi wanne ne da ranar da kuka zuba. In kuwa a buhun PICS kuka ajiye, wato buhu mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ke kashe ƙwari ta hana su iska ba tare da magani ba, to ku nuna shi a bidiyon. Wannan abin tallatawa ne.

"Buhu ɗaya" ba awo ba ne, domin buhu ya fi buhu. Ku ɗora a sikeli, ku ɗauki hoton lambar, ku rubuta kilo nawa ne.

Manhajar WhatsApp Business, wadda ta fito a 2018, kyauta ce, kuma tana da wurin jera kaya da farashinsu. Ku riƙe lambar waya ɗaya. Sunan da ke shafinku ya zama shi ne a asusun banki, don in sun saɓa mai saye zai ja da baya, kuma yana da gaskiya. Ku ma ku yi hattara: hoton rasit ba kuɗi ba ne, sai kun ga sun shiga asusunku. Lambobi shidan da WhatsApp ke turowa ta saƙo, kada ku ba kowa. Da su ake sace shafi a damfari mutanenku da sunanku.

Aikin gida: ku ɗauki bidiyon minti ɗaya na wani amfanin gona da kuke da shi. Ku rubuta layi uku a ƙarƙashinsa: sunan kayan, nauyinsa, da aibi ɗaya da ke jikinsa. Ku zo da shi aji na gaba.